Ya aikata ko bai aikata ba? Rigimar da ke tashi duk sanda aka kama wani kan babban laifi

Duk lokacin da aka yi wani kisa mai tayar da hankali ko fyaɗen da ya girgiza mutane, aka kama wani aka baza hotonsa, to kafin gari ya waye jama'a sun rabu gida biyu a Facebook da WhatsApp da duk inda ake hira. Ɓangare ɗaya na cewa ai magana ta ƙare, ga shi an kama shi, shi da bakinsa ma ya amsa, me kuma ake jira, a rataye shi kawai kowa ya huta. Ɗaya ɓangaren, waɗanda yawanci ba su da yawa kuma su ne ke kwasar zagi, suna cewa a dakata mana a bar kotu ta yi aikinta. Daga nan sai zance ya lalace, a ce musu ku 'yan kanzagin azzalumai ne, da 'yarku aka yi wa haka da ba ku faɗi wannan ba, su kuma su rama da cewa ai ku ba ku san doka ba, shikenan an bar maganar an koma faɗa da juna.

Ni yanda nake kallon abin, mutanen nan ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, shi ya sa ba sa taɓa haɗuwa. Na farko suna tambayar shin ya aikata, na biyu kuma suna tambayar shin an tabbatar ya aikata ta hanyar da ko kai aka gurfanar za ka yarda an yi maka adalci. Ta farkon kowa na da ikon ya yi tunaninsa a kai, ba wanda zai hana zuciyarka zargi. Amma ta biyun ita ce kaɗai ke ba hukuma damar ɗaure mutum ko ɗaukar ransa, kuma ita ba a amsa ta da yawan masu ihu.

Ƙa'idar nan ta cewa mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, wasu na ɗauka wani salo ne da lauyoyi suka ƙirƙiro don su riƙa kuɓutar da masu kuɗi. Wallahi ba haka ba ne. Tana cikin sashe na 11 na sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, tana cikin sashe na 7 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981, tsarin mulkin ƙasashe da yawa ya ɗauke ta, na Najeriya na 1999 ma ya faɗe ta a sashe na 36. Kuma tun kafin duk waɗannan takardun, hadisin Ibn Abbas da ɗalibai ke haddacewa a Arba'una ya riga ya ce da ana ba mutane duk abin da suka yi da'awa da wasu sun yi da'awar dukiyar mutane da jininsu, sai dai hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma kan wanda ya musanta. Malaman fiƙihu suka ɗora da cewa ana kawar da haddi idan akwai shubuha. Dalilin duk ɗaya ne, wanda ake tuhuma shi kaɗai ne a tsaye, a gabansa kuma ga 'yan sanda ga masu gabatar da ƙara ga kurkuku ga jaridu, idan aka ce shi zai kawo hujjar cewa bai yi ba to an gama da shi tun kafin a fara, don tabbatar da cewa ba ka yi abu ba ya fi komai wuya.

Bari in tsaya a kan shari'a ɗaya da nake ganin duk mai saurin yanke hukunci ya kamata ya san ta. A daren 19 ga Afrilu 1989 aka far wa wata mata 'yar shekara 28 da ta fita motsa jiki a wani babban lambu da ake kira Central Park a birnin New York na Amurka, aka yi mata fyaɗe aka yi mata dukan da sai da ta yi kwana 12 ba ta san inda kanta yake ba, da ta farfaɗo kuma ba ta tuna komai. Gari ya ɗauki zafi, kuma gaskiya dole ya ɗauka. 'Yan sanda suka tsare wasu yara biyar masu shekara 14 zuwa 16, huɗu baƙar fata ɗaya ɗan asalin Latin Amurka, aka yi awanni ana yi musu tambayoyi, daga ƙarshe aka samu bayanan amsa laifi, huɗu daga cikinsu har a bidiyo. Jaridu suka riƙa kwatanta su da namun daji, Donald Trump wanda a lokacin ɗan kasuwa ne ya sayi cikakken shafi a jaridun birnin guda huɗu yana kiran a dawo da hukuncin kisa. To wa zai iya buɗe baki a wannan yanayin ya ce a bi a hankali? Yaran sun janye maganarsu suka ce tursasa su aka yi, bayanan nasu ma sun saɓa wa juna kan wuri da yanda abin ya faru, gwajin ƙwayoyin halitta na DNA bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba, amma duk da haka a 1990 aka same su da laifi aka ɗaure su.

Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya fito ya ce shi ne ya aikata kuma shi kaɗai, aka gwada DNA ɗinsa ya dace, a watan Disamba na shekarar kotu ta soke hukuncin. Babban cikinsu Korey Wise ya riga ya shafe kusan shekara 13 a ɗaure. A 2014 birnin ya amince ya biya su diyyar dala miliyan 41, ɗaya daga cikinsu Yusef Salaam ma an zaɓe shi ɗan majalisar birnin a 2023. Har yau akwai wasu daga cikin waɗanda suka yi binciken da ke dagewa yaran na da hannu, kaga ko bayan soke hukunci gardamar ba ta mutu ba. Amma abin da ya fi ci min rai a labarin nan ba diyyar ba ce ba kuma gardamar ba ce. Bayan daren nan, yayin da gari ya gamsu an kama masu laifi, shi Reyes yana yawo abinsa, ya ci gaba da far wa mata, a watan Yuni na wannan shekarar ya kashe wata mai juna biyu, sai a watan Agusta aka kama shi kan wasu laifukan daban. Don haka duk mai cewa neman a yi shari'ar adalci rashin tausayin wanda aka zalunta ne, ya dubi wannan da kyau. Ranar da aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, ranar aka rufe fayil, aka daina neman ainihin mai laifin, shi kuma ya samu damar neman na gaba.

Na san tambayar da ke zuwa, to in bai yi ba don me zai amsa? Wannan ita ce maganar da mutane suka fi kasa haɗiyewa, kuma ban ga laifinsu ba, don kowa a zaune cikin kwanciyar hankali yana ganin shi ko za a yanka shi ba zai amsa abin da bai yi ba. Amma ɗakin tambayoyi wata duniya ce daban. Mutum bai yi barci ba, bai ci abinci ba, babu lauya babu ɗan uwa, ana ce masa abokinka ya riga ya tona maka asiri, in ka faɗa yanzu za ka tafi gida in ka ƙi kuma sai ka ruɓe a nan, a wasu wuraren ma ba a tsayawa lallashi duka ne da rataya. Yaro ko mai raunin hankali ko wanda tsoro ya gama cinyewa sai ya zaɓi abin da zai kawo ƙarshen azabar yanzu, yana tunanin gobe gaskiya za ta fito. Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka, wadda aka kafa a 1992, ta duba mutum 375 da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, ta ga sama da kashi ɗaya cikin huɗu na shari'o'in akwai amsa laifin ƙarya a ciki, kusan kashi 70 cikin ɗari kuma akwai shaidar gani da ido da ya nuna wanda ba shi ba. Muna cewa gani ya kori ji, haka ne, amma ganin da aka yi cikin duhu da firgici na daƙiƙa kaɗan shi ma yana kuskure, kuma yawancin shaidun nan ba ƙarya suka shirya ba, har zuciyarsu sun yarda shi suka gani. Shi ya sa idan aka jera mutane a gaban kyamara ana musu tambayoyi suna amsa laifi kafin a kai su kotu nake jin ba daɗi, don ba mu san abin da ya faru a daren da ya gabata ba.

Akwai kuma hukuncin da muke yankewa da fuska. Ka ji ana cewa kalli idonsa kawai ka san mugu ne, ko dubi yanda ko hawaye ba ta yi. A 1980 wata mata a Ostareliya mai suna Lindy Chamberlain ta ce karen daji ya ɗauke jaririyarta 'yar mako tara daga cikin tanti a kusa da dutsen Uluru, jama'ar ƙasar da yawa suka ƙi yarda, wai ba ta nuna alhinin da ya kamata uwa ta nuna ba, aka haɗa da jita-jita kan ɗariƙar addininta. A 1982 aka yi mata ɗaurin rai da rai, har da shaidar masana cewa an ga jinin jariri a motarsu, daga baya aka gano abin da aka ce feshin jini ne wani sinadari ne da kamfanin mota ke fesawa. A 1986 aka tsinci rigar jaririyar a dajin aka sake ta, a 1988 aka soke hukuncin, amma sai a 2012 aka rubuta a hukumance cewa karen dajin ne ya kashe yarinyar. Uwa ce fa da ta rasa 'yarta, aka ƙara mata da kurkuku da tsinuwar ƙasa guda saboda ba ta yi kuka yanda ake so ba.

Wani zai ce to ai surutun mutane a waje yake, alƙali kuma doka yake bi. Alƙali mutum ne, yana da waya yana da iyali yana jin abin da gari ke faɗa, kuma ya san abin da zai biyo baya in ya saki wanda kowa ya riga ya tsine wa. A ƙasashen da ake amfani da juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shari'a su ce an yi laifi ko ba a yi ba, abin ya fi muni. Shaidu su ma suna karanta labarai, a hankali abin da suka karanta ya cakuɗe da abin da suka gani. A 1954 aka tuhumi wani likita Sam Sheppard a jihar Ohio da kashe matarsa, jaridun Cleveland suka riƙa buga manyan kanun labarai suna neman a kama shi, 'yan jarida suka cika kotun maƙil, aka ɗaure shi ya yi shekara goma, sai a 1966 kotun ƙolin Amurka ta ce hayaniyar ta hana shi samun shari'ar adalci, aka sake shari'ar aka sallame shi. Har yau ana gardama kan ko shi ne ko ba shi ba ne, kuma wannan ita ce asarar, hayaniyar ta lalata damar sanin gaskiyar gaba ɗaya. Ingila ta ɗauki hanya mai tsauri, dokarsu ta raina kotu ta 1981 ta hana buga abin da zai iya gurɓata shari'a da zarar an kama mutum. A ƙarshen 2010 da aka kashe wata matashiya a Bristol aka kama mai gidan da take haya, wani tsohon malamin makaranta Christopher Jefferies, jaridu suka yi masa kaca-kaca kan gashinsa da halayensa, ashe maƙwabcinta ne ya kashe ta kuma an same shi da laifi a 2011. Kotu ta ci tarar jaridun Daily Mirror da The Sun, jaridu takwas kuma suka biya malamin diyyar ɓata suna.

To amma fa kar mu yi kamar masu fushin nan ba su da hujja, suna da ita, kuma mai ƙarfi. Mutane ba haka kawai suka daina yarda da kotu ba. Sun ga shari'ar da aka yi shekara goma ana ɗagawa har shaidu suka mutu ko suka gaji, sun ga fayil ya ɓata, sun ga mai kuɗi ya ɗauko manyan lauyoyi ya fita ta wata 'yar ƙofar doka alhali talaka na tsare shekaru ko gaban alƙali ba a kai shi ba. Idan ka ce wa irin wannan mutumin ya bari kotu ta yi aikinta, abin da yake ji a kunnensa shine ka yi shiru har a manta. Kuma tarihi ya sha goyon bayansa. A 1955 aka kashe yaro baƙar fata ɗan shekara 14 Emmett Till a jihar Mississippi ta Amurka, juri na farar fata zalla suka wanke mutum biyun da ake tuhuma cikin kusan awa ɗaya, bayan 'yan watanni mutanen suka amsa wa wata mujalla cewa su suka kashe shi, don sun san doka ta hana a sake gurfanar da su kan laifi ɗaya. Stephen Lawrence, matashi baƙar fata da aka kashe a Landan a 1993, ba don iyayensa sun dage jama'a sun mara musu baya ba da ba a kai ga ɗaure mutum biyu a 2012 ba. George Floyd kuwa, baƙar fatan da ya mutu a hannun 'yan sanda a Amurka a 2020, sanarwar farko da 'yan sandan Minneapolis suka fitar ta nuna kamar rashin lafiya ce ta same shi, bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta da kuma zanga-zangar da ta biyo baya su suka sa maganar ba ta binnu ba, har aka samu ɗan sanda Derek Chauvin da laifin kashe shi a 2021.

Kenan muryar jama'a na da amfani, ba wanda ya isa ya ce a yi shiru. Inda nake ja shine abin da ake amfani da muryar a nema. Ka duba misalan nan biyu na ƙarshe, abin da ya yi aiki shine matsin lambar a yi bincike na gaskiya, a kama wanda ake zargi ko ɗan waye, a kai shi kotu a bainar jama'a, kar a ɓoye hujja, kar a yi ta jan ƙafa. Wannan matsin yana ƙarfafa shari'a. Wanda ke karya ta shine na cewa hukunci kaza muke so kuma yanzu, duk alƙalin da ya faɗi wani abu daban an saye shi, duk lauyan da ya tsaya wa wanda ake tuhuma maƙiyin al'umma ne. Shi Chauvin ɗin ma da duniya ta kalli bidiyonsa sai da aka ba shi lauya, aka kira shaidu da likitoci na ɓangarorin biyu, aka yi makonni ana tafka muhawara kan musabbabin mutuwar, kuma wannan ne ya sa hukuncin ya tsaya da ƙafarsa da ya ɗaukaka ƙara.

Maganar lauya ma tana buƙatar a fahimce ta, don na sha ganin ana tsine wa lauyan da ya karɓi irin wannan kes har ana yi wa iyalinsa barazana. Aikinsa ba cewa kisa abu ne mai kyau ba, aikinsa ya jijjiga hujjar masu ƙara a ga ko za ta tsaya. In ta tsaya, an ɗaure mai laifi kuma babu ƙofar da zai fita gobe. In ta faɗi, to dama ba ta kai a ɗauki ran mutum da ita ba. Shari'ar da aka yi cikin gaggawa babu lauyan kirki ita ce kotun ɗaukaka ƙara ke rushewa bayan shekaru, a lokacin shaidu sun watse, iyalan mamaci su koma farko da sabon ciwo.

Sannan a gane cewa idan kotu ta sallami mutum ba wai ta rantse bai aikata ba ne, cewa ta yi masu ƙara ba su kawo hujjar da ta kore shakku ba. O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, an sallame shi a 1995 kan kisan tsohuwar matarsa da wani abokinta, amma a 1997 da iyalan mamatan suka kai ƙarar neman diyya, inda ake duba wane ɓangare ne hujjarsa ta fi rinjaye kawai, aka ɗora masa alhaki aka ce ya biya dala miliyan 33.5. Mutane da yawa na ganin wannan rufa-rufa ce, alhali ma'auni biyu ne daban, wanda za a raba mutum da 'yancinsa ko ransa dole ya fi wanda za a karɓi kuɗinsa nauyi. Eh, wannan na nufin wani lokaci mai laifi zai kuɓuta, kuma abin da ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma in aka sassauta ma'aunin don a kama shi, an sassauta shi ne a kan kowa, kuma waɗanda za su fara faɗawa ramin su ne marasa galihu da ba su da mai tsaya musu.

Yanzu da kowa ke da waya abin ya ƙara sauri fiye da zamanin jarida, don jarida ko ba komai tana da edita kuma ana iya kai ta ƙara. Bayan harin bam ɗin gasar gudu ta Boston a 2013, masu bincike na sa kai a intanet suka ɗauki hoton wani ɗalibi da ya ɓata suka ce shi ne, aka yi ta sharin, aka dami iyalinsa da kira da zagi a lokacin da suke tsaka da nemansa, daga baya aka tsinci gawarsa, ashe ba abin da ya haɗa shi da harin. Waɗanda suka yaɗa ɗin yawancinsu goge fostin kawai suka yi suka wuce. Don haka dan Allah kafin ka danna sharin a kan hoton wani da sunansa da unguwarsu, ka tambayi kanka daga ina labarin ya fito, wa ya gani, me aka gabatar a kotu me kuma aka faɗa a kwament kawai. Ka nemi a yi shari'ar da wuri, ka bibiyi ranar zama, ka tambayi dalilin ɗagewa, in hukunci ya fito ka nemi dalilan da alƙali ya rubuta ka karanta kafin ka ce an ci hanci, in kuma dalilan ba su gamsar ba a matsa wa masu gabatar da ƙara su ɗaukaka ta zuwa kotun gaba.